Dusar Baƙi

A wani daji mai yawan kukoki, akwai wani tsohon kasko a bakin filin da majalisar dabbobi take zama. Ƙa'idar wurin ita ce duk mai shiga sai ya tsoma ƙafarsa a ruwan kaskon, don kada a shigo wa manya da laka. Ba a taɓa zubar da ruwan ba, ƙari kawai ake yi. Wata safiya a farkon damina, wata birinya mai suna Tasalla tana tsaye a layin masu shiga, da 'yarta goye a baya, sai ta ga wasu 'yan abubuwa kamar guntayen zare suna mutsu-mutsu a cikin ruwan. Su taso sama su shaƙi iska, su lanƙwashe su koma ƙasa. Tsutsar sauro ce. Ta dubi na gabanta, ta dubi na bayanta. Kowa idonsa na kan sahun gaba, yana neman inda zai zauna a gan shi. Ta tsoma ƙafarta ta wuce.

Tasalla ba mai zuwa majalisa ba ce. Abin da ya kawo ta shi ne wani zazzaɓi da ya shigo dajin a daminar bara, wanda matafiya suke kira dengi, 'yan dajin kuma suka sa masa karya-ƙashi, saboda mai shi ji yake kamar ana taka gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya kama 'ya'yanta biyu. Babban, Nomau, bai tashi ba. Ƙaramar, Kyauta, ta tashi, sai dai Bushiya mai magani ta ja uwar gefe ta gaya mata gaskiya, cewa ciwon nan in ya dawo wa wanda ya taɓa yin sa, na biyun ya fi na farko muni. Ga damina ta sake sauka. Ga sauron nan mai ɗigon fari a ƙafa, wanda ba ya jiran dare, ya fara zagaya rassan bishiyarta da rana tsaka. Kogon da ke jikin bishiyar kuwa kullum cike yake da ruwa. Ta kwashe da safe, hadari ya mayar da yamma.

Shugaban majalisar Raƙumin Dawa ne, sunansa Jatau. Ba mugu ba ne, tsawo ne ya yi masa yawa. Daga inda kansa yake, dajin kullum kore shar yake, lafiya lau. Bara majalisarsa ta haramta sauro baki ɗaya, aka yi shela a kowace kusurwa, kuma har yau ba a daidaita a kan wanda zai kai wa sauron labari ba.

Ranar an daɗe ana musu a kan ko a sabunta haramcin ko a ƙara masa tsanani, sai Shamuwa, wadda ta iso dajin tare da ruwan farko, ta nemi izinin magana.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a hanyata ta zuwa na yada zango a wani daji a ƙetaren kogi. Su ma ciwon nan ya taɓa su. Abin da suka yi ba wani abin a zo a gani ba ne. Akwai wasu 'yan kifaye da ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba, ba su da abincin da suke so kamar tsutsar sauro. Sai aka rarraba su a duk inda ruwa yake kwanciya, kogon itace ne, tsohuwar tukunya ce, rami ne. Sauro ya yi ƙwai, ƙwai ya zama tsutsa, kifi ya haɗiye. Shi ke nan. In kuna so, na san shugabansu."

'Yan majalisa suka ɗaure fuska. Shawarar ta yi sauƙi da yawa, kuma ba a ga inda mutum zai tsaya ya yi jawabi a cikinta ba. Sai da wani ya tuna cewa kifayen nan daga wata ƙasa za su zo, ke nan baƙi ne, ke nan akwai tarba, sannan fuskoki suka saki. Nan take aka kafa Kwamitin Kula da Baƙi. Aka ba Zalɓe shugabancinsa, wani dogon tsuntsu mai natsuwa da ake kira Korau, bisa hujjar cewa a duk dajin ba wanda ya san kifi kamarsa. Wannan kuwa gaskiya ne. Aka kuma ɗora Kunkuru a kan kwamitin a matsayin uba, wato Baba Cindo, wanda al'adun dajin suke hannunsa tun kafin a haifi yawancin waɗanda suke wurin.

Tasalla ta koma gida da ɗan sanyi a ranta. A hanya ta ce wa Kyauta an kusa kawo musu maƙwabta 'yan ƙanana da za su zauna a kogonsu. Kyauta ta tambaya ko za ta iya sa musu suna.

Ranar da baƙi suka iso, an share dajin tun daga bakin kogi. Aka shigo da su a manyan ƙorai, 'yan mitsi-mitsi, sirara, idanunsu ƙyar a kan ruwa kamar masu neman aiki. Bayan an gama jawaban maraba, waɗanda suka kai rana tsaka, aka ba shugabansu dama. Sunansa Ilu. Ya leƙo daga bakin ƙwarya, da ƙyar ake jin muryarsa.

Ya ce, "Mun gode da wannan karamci. Roƙonmu biyu ne. Na farko, a raba mu bibbiyu a ƙananan ruwaye na cikin gidaje, don nan wannan sauron yake ƙwai, ba ya son babban ruwa. Na biyu, don Allah kada a ba mu abinci. Yunwarmu ita ce aikinmu. In muka ƙoshi, ba mu da amfani a gare ku."

Baba Cindo ya yi murmushi, ya gyaɗa kai a hankali, ya juya ga jama'a.

Ya ce, "Kun ji tarbiyya ko? Yara, ku buɗe kunne ku koya. Haka baƙo ɗan asali yake magana. Ka kawo masa abinci ya ce ya ƙoshi, ka nuna masa ɗaki ya ce zaure ma ya ishe shi. Kunya ke nan. Shi ya yi nasa, saura namu. Mu a dajin nan, tun kakanninmu, in baƙo ya ce a'a, ƙara masa ake yi. In ya sake cewa a'a, a ninka. Wanda ya ɗauki a'ar baƙo da gaske, marowaci ne da ya sami hanya. Yanzu a ce mun ɗauko bayin Allah daga ƙasarsu mun zuba su a kogon itace da fasasshiyar tukunya, mun bar su suna kalacin tsutsa? Shamuwa tana nan, gobe za ta tashi ta kai labarinmu duniya. Ina za mu sa kanmu? Ni dai ba a zamanina ba."

Aka yi tafi har ganye ya zubo. Shamuwa ta buɗe baki za ta yi gyara, aka gode mata, aka ce ta yi nata ƙoƙarin, ta huta. Aka sauki baƙi a babban tafkin da ke bayan majalisa, mai faɗi da iska, inda ko sauron kirki ba ya kwana. Aka yanka wa kowane gida ƙwaryar dusa da zai riƙa kawowa, safe da yamma.

A kwanakin farko Ilu ya yi iya yinsa. Duk sanda aka zuba dusa sai ya taso ya ce an gode, amma a daina. Duk sanda ya faɗa sai a ninka. Ya aika wa Baba Cindo cewa da gaske yake, Baba Cindo ya share ƙwalla ya ce bai taɓa ganin baƙo mai kawaici irin wannan ba, ya sa aka haɗa da gara mai maiƙo. Daga baya Ilu ya lura cewa magana ba ta rage dusa, ita kuma dusa, in an saba da ita, ba ta da laifi. Sai ya bar maganar.

Korau kuma ya riƙe aikinsa da gaskiya. Tun asuba yana tsaye a cikin tafkin da ƙafa ɗaya, ya zura wa baƙi ido, ba ya ko ƙiftawa. Masu wucewa suna cewa da duk shugabannin kwamiti haka suke, da dajin ya ci gaba. An lura wuyansa ya ɗan yi kauri, aka ce nauyin aiki ne.

Zazzaɓi kuwa ya shiga gidaje. Ya kwantar da 'ya'yan Kurege, ya kwantar da matar Gada, ya bi layin birai reshe reshe. Tasalla ta daina barin Kyauta ta sauka wasa. Tana zaune da ita da ganye a hannu tana kora, in hannun dama ya gaji ta koma na hagu. Kyauta ta daina tambayar maƙwabtan da aka ce za a kawo.

Wata safiya da ta kai dusarta tafki, sai ta tsuguna a bakin ruwa ta yi sallama da Ilu. Da ƙyar ta gane shi. Ya yi faɗi, ya yi sheƙi, yana juyi a hankali kamar mai tsoron kada wani abu ya zube a cikinsa.

Ta gaishe shi, ta tambayi baƙunta, sannan ta ce, "Malam Ilu, kogona ya cika da tsutsa. Ko za a taimaka mini da yara biyu?"

Ya ce, "Maman Kyauta, ai da kin zo da wuri. Yanzu tsutsa ba ta zama mini a ciki, ƙwannafi take sa ni. Yaran ma haka. Kuma kin san mu baƙi ne, ba ma fita sai da izinin kwamiti."

"Ku ne fa kuka ce yunwarku ce aikinku."

"Na faɗa. Kina wurin, kin ga abin da aka yi da maganar." Ya ɗan matso. "Wannan dusar taki ta gero ce ko ta dawa? Ta dawa tana ɗan shaƙe mu."

Ta ce ta gero ce. Ta zuba, ruwa ya yamutse da manyan bakuna. Tana shirin tashi sai ta hango wasu 'yan kifaye biyu can gefe cikin ciyawa, sirara kamar ranar da aka kawo su. Duk sanda suka nufo dusa sai ƙattin su bangaje su. Suna nan suna tsintar abin da ya samu a bakin laka. Tasalla ta dubi Korau, ta ga ya ba ta baya, hankalinsa na kan wani baƙo mai ƙiba. Ta nitsa ƙwaryarta a ruwa, ta rufe da ganye, ta tafi gida ba ta waiwaya ba.

Kafin rana ta faɗi, kogon ya yi tas. Kyauta ta kwanta a bakinsa tana kallo, ta sa wa ɗaya Tsinke, ɗayan kuma Ƙanin Tsinke. Bayan 'yan kwanaki Tasalla ta ajiye ganyen kora. Matar Kurege ta zo aron gishiri, ta leƙa kogon, ta koma ta dawo da tukunya a ɓoye cikin zane. Haka kifayen nan biyu suka riƙa yawo gida gida a layin, a yini nan, a wayi gari can, kowa yana roƙon kada a faɗa wa kowa. Da haka maganar ta isa kunnen Korau.

Ta kuwa zo masa a kan gaɓa, don an fara ƙishin-ƙishin cewa baƙi suna raguwa a tafki.

Aka kira zaman gaggawa. Aka ajiye ƙwarya da kifayen biyu a tsakiyar fili, aka tsayar da Tasalla kusa da ita, da Kyauta a bayanta. Korau ya yi bayani cikin alhini, cewa ya daɗe yana ganin gurbi a cikin baƙi, abin yana hana shi barci, yau Allah ya tona. Da aka ce ai biyu kawai aka samu a wurinta, sai ya ce biyu aka samu, sauran kuma ita ta san inda ta kai su. Ya faɗi haka yana gyatsa a hankali, aka ce ɓacin rai ne.

Baba Cindo ya ce shi ba ɗaukar ce ta dame shi ba. Ya matsa kusa da ƙwaryar ya tambayi baƙin, tsakaninsu da Allah, me matar nan take ba su. Tsinke ya ce ba ta ba su komai, tsutsa suke ci, kuma tun da suka zo dajin ba su taɓa ƙoshi irin na kwanakin nan ba, in da hali a mayar da su. Fili ya ɗauki salati. Baba Cindo ya rufe ido.

Ya ce, "Kun ji ko? An bar su da yunwa, an sa su cin ƙazanta, amma ga shi suna rufa mata asiri. Wannan wace irin kunya ce Allah ya ba bayin nan nasa?"

Jatau ya tambayi Tasalla ko tana da abin cewa. Ta sunkuyar da kai, don ba ta saba magana a gaban taro ba.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, Baba, ni ban san al'ada kamar ku ba. Na ɗauka, ban musa ba, biyu na ɗauka. Tun da na sa su, sauro bai tashi daga kogona ba, akwai waɗanda suka gani a nan." Ta ɗaga kai ta dubi maƙwabtanta. Matar Kurege tana gyara ɗaurin zanenta, sauran kuma wani abu ya ɗauke musu hankali a saman kuka. Ta ci gaba. "Yarinyar nan ta taɓa yin ciwon. Bushiya ta ce in ya dawo, sai dai Allah. Ku bar mini su har ruwa ya ɗauke. Bayan nan duk hukuncin da kuka yanke, na ɗauka."

Jatau ya sunkuyo da wuyansa, abin da ba kasafai yake yi ba. Ya sauko har ya kusa ganin fuskar Kyauta, wadda ta leƙo ta kafaɗar uwarta tana neman Tsinke. Sai wuyan ya riƙe masa a rabin hanya, ya miƙe. Ya ce wallahi ya tausaya, shi ma uba ne. Amma in aka bar mata, gobe kowa zai zo ya ɗebi nasa, a wayi gari baƙi sun watsu a gidaje suna aiki, ba a san wanda ya ci da wanda bai ci ba. Aka yanke cewa a mayar da baƙi masaukinsu, ita kuma ta ba su haƙuri, ta riƙa kawo dusa ninki biyu har ƙarshen damina. Korau ya ce don girmamawa shi da kansa zai raka su, ya ɗauke su a bakinsa ya tashi. Ba wanda ya ga saukarsu a tafki, amma ba wanda ya ce bai gani ba.

Tsutsa ta dawo kogon kamar ba ta taɓa tafiya ba. Tasalla ta koma kwasar ruwa da safe da kora da rana, sai dai yanzu tana da ƙarin aiki, don dusa ninki biyu ba ta samuwa a kusa. Dole ta riƙa barin Kyauta a reshe ta tafi gefen gonaki. Wata rana ta dawo ta tarar da ita kwance, jiki zafi rau, tana cewa bayan idonta yana ciwo. Bushiya ta zo ta ba da abin da take da shi. Zazzaɓin ya sauka, Tasalla ta fara hamdala, sai Bushiya ta ɗaga leɓen yarinyar ta ga jini a dasashi, ta sauke a hankali. Kyauta ta rasu kafin rana ta yi zafi washegari. Maƙwabta sun zo gaisuwa, matar Kurege ce ma ta fi kowa kuka.

Ana cikin haka majalisa ta sa ranar bikin godiya ga baƙi, don damina ta ja baya, sauro ya fara raguwa da kansa kamar yadda yake yi kowace shekara, kuma ya kamata a san wanda za a gode wa. Aka yi wa bakin tafki ado da furanni. Aka tallafo Ilu zuwa gaba, shi da 'yan tsirarun da suka rage, kowanne ya kai tafin hannu. Ya yi jawabi da murya mai kauri, ya ce a duk yawonsa bai ga daji mai mutunci irin wannan ba, kuma a shirye suke su sake zama baɗi. Aka ba Korau lambar yabo ta riƙon amana. Jatau ya duba daga sama ya ce shi dai ko'ina kore yake gani.

Tasalla ta iso ana tsakiyar jawabin Baba Cindo, ɗauke da ƙwaryar dusa a ka. Majanyin da take goya Kyauta da shi ne ta naɗe ta yi gammo. Ta tsoma ƙafarta a kaskon bakin fili kamar kowa. Tsutsar tana nan, ta ma ƙara yawa. Ta ratsa ta gefen taro, ta sauke ƙwaryar a gaban kwamiti, ta warware majanyin, ta kakkaɓe shi, ta linke. Baba Cindo ya dakata, ya leƙa ƙwaryar, ya tabbatar ninki biyu ce cif, ya yaba mata a gaban jama'a, ya ce a yi koyi da mai karɓar gyara. Sannan ya ce tun da ga ta ga baƙi, sai ta ba da haƙurin nan da ya rage a wuce wurin.

Aka juyo ana jira. Tasalla ta dubi Ilu, ta dubi Korau, ta ɗaga kai ta dubi inda fuskar Jatau take can cikin ganye. Ta rataya majanyin a kafaɗa, ta bi ta bayan kuka, ta kama hanyar kogi, ta bar musu dajin. Makaɗa sun ɗauka an gama ne, suka saki kiɗa, taro ya koma kan abinci.

Har yau in ana lissafin shekarun alheri a dajin, da wannan daminar ake farawa, domin a cikinta ba baƙon da ya kwana da yunwa, wanda aka gayyata da wanda ba a gayyata ba.